Kulob ɗin ranar Laraba da abin da ya koya min

Ni fa ba da son raina na karɓi kulob ɗin nan ba. Firinsifal ne ya kira ni ofis ya ce tunda ni ke koyar da bayoloji, to ni zan riƙe kulob ɗin muhalli da kimiyya, duk Laraba bayan an tashi, ba alawus ba komai sai "Allah ya saka da alheri Malam". Na ce to. A raina kuwa cewa na yi wata biyu ya yi yawa, abin zai mutu da kansa kamar yadda na wasan kwaikwayo ya mutu. Ga shi yanzu muna cikin shekara ta huɗu.

Zaman farko yara sun kai arba'in. Na zo da shirina tsaf, na cika allo da turanci, ma'anar kaza, rabe-raben kaza, su kuma suna ta kwafa kamar kullum. Wani yaro ya ɗaga hannu ya ce Malam wannan zai fito a jarabawa? Na ce a'a, ai kulob ne. Sati uku bayan nan saura mutum tara, su ma ina jin kunyata ce ta hana su gudu. Kuma gaskiyar waɗanda suka gudun ne, wa zai zauna da yunwa ƙarfe biyu na rana don a ƙara masa wani darasin da ko maki babu?

Zafi ne ya cece ni wallahi, ba dabarata ba. Wata Laraba ajin ya ƙi zaunuwa, muka fito gindin bishiya, don dai in cika lokaci na ce su zagaya su ƙirgo min irin itatuwan da ke cikin makaranta. Suka dawo suna dariya wai Malam ai duk darbejiya ce, sai tsamiya ɗaya a bayan ɗakin malamai. Darbejiyar ma da muke gani kamar tamu ce tun fil azal, baƙuwa ce, daga ƙasar Indiya aka kawo ta. Sai na ce kowa in ya je gida ya samu wanda ya fi kowa tsufa, ya tambaye shi itatuwa da tsuntsayen da ya sani yana yaro waɗanda yanzu ba ya gani.

Wata yarinya 'yar aji biyu, wadda ban taɓa jin muryarta a aji ba, ita ta zo da takarda cike gaba da baya daga bakin kakarta. Kanya, ɗinya, taura, tsada, faru, gwandar daji, kaɗanya, marke, kowanne da inda yake fitowa da lokacin da yake 'ya'ya da abin da ake yi da saiwarsa ko sassaƙensa. Ina karantawa jikina na yin sanyi, don ni mai digiri a fannin, kusan rabinsu da za a tsayar da ni a gabansu ba zan gane su ba, sunan latin na wasu kawai na haddace na ci jarabawa. Ranar ban koyar da komai ba, ita ta koyar, tana magana ƙasa-ƙasa sauran suna cewa ɗaga murya mana.

Abin da ya fi ba ni tsoro a takardun nan ungulu ce. Kusan kowane tsoho ya ambace ta, cewa da in ka je mahauta sai ka kore su da ƙafa, amma cikin yaran nan babu wanda ya taɓa ganin ta da idonsa, a karin magana kawai suke jin ta. Tun 2015 aka saka irin ungulun nan tamu ta cikin gari a jerin halittun da suke dab da ƙarewa a duniya, kuma mu muka ƙarar da ita, da guba da farautar ta ana sayar da kai da ƙafa ga masu tsubbu. Na tambaye su, to yanzu in jaki ya mutu a bayan gari wa ke kwashe mushen? Suka ce karnuka, sai wari. Ban ƙara komai a kai ba.

Daga nan muka koma kan iri. Kowa ya ɗebo ɗan hannu daga rumbun gidansu, muka baza a tabarma: kanannado, ɗan ila, wani jan wake ƙanana, gero da maiwa, kaura da farafara. Na ba su labarin cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan inda aka ajiye irin wake kala-kala kimanin 15,000 a ɗakunan sanyi, don in wata cuta ko fari ya zo a samu wanda zai jure a ciki. Wani ɗan baki ya ce ashe kakata ma banki gare ta, ita a gora take zuba nata da toka. Duk aka fashe da dariya, amma ni ban ga bayanin da ya fi wannan ba a littafin da nake koyarwa da shi. Yanzu muna da kwalabe jere a taga, kowace da sunan iri da ƙauyen da ya fito.

Dashen itatuwa kam mun sha kunya. Muka samo dashe sittin, aka yi taro aka ɗau hoto, a ƙarshen damina fa, sannan aka tafi hutu. Da muka dawo awaki sun yi walima, biyu suka rage. Laifina ne, don hoton na yi ba don bishiyar ba. Daga baya ne na bi labarin manoman Maradi da abin da suke kira sassabin zamani, wanda suka fara tun shekarun 1980: ba ka dasa komai, kututturen da ke tohowa a gona shi za ka bari, ka zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi ka sare sauran. Da wannan aka farfaɗo da fili kimanin hekta miliyan 5 a Nijar. Muka gwada a filin bayan makaranta da kalgo da sabara da wani ɗan gawo, ba ban-ruwa ba komai tunda saiwar ta daɗe a ƙasa, gawon yanzu ya fi ni tsawo. Yara suna son gawo saboda taurin kansa, shi da damina yake zubar da ganye lokacin da kowa ke kore, shi ya sa gero ke yin kyau a ƙarƙashinsa.

To sai ɓangaren da na yi ta ja da baya a kai, wato fasahar sarrafa halittu. Ba mu da lab na kirki, madubin ƙara girma ɗaya ne kuma a kulle yake a ofis. Amma tunda na riga na ga inda abin ke kamawa, sai na fara daga madafa. Na ce wa ake daddawa a gidansu? Hannuwa suka tashi. An dafa kalwa, an wanke, an rufe ta a wuri mai ɗumi kwana biyu zuwa uku, wa ya canza mata wari da ɗanɗano? Me ya sa mai kindirmo take zuba ɗan na jiya a cikin sabuwar madara? Muka zuba yis da suga da ruwan ɗumi a kwalba muka ɗaura balan-balan a baki, kafin a tashi ta kumbura. Nan suka yarda cewa akwai masu rai da ido ba ya gani, kuma iyayensu mata sun daɗe suna sa su aiki ba tare da an kira abin kimiyya ba.

Fitar da DNA, wato sinadarin da ke ɗauke da gado a jikin mai rai, daga ayaba shi ne ranar da ba za su manta ba, duk da karon farko ya watse min a gaban kowa. Ana dama ayaba da gishiri da ɗan sabulun wanke kwano, a tace, sai a tsiyaya sifirit a hankali ta gefen kofi. Sifirit ɗin dole ya yi sanyi sosai, mu kuwa kwana uku ba wuta, na zuba haka nan, muka ƙura ido ba abin da ya fito sai kunun ayaba. Sati na gaba na sayo ƙanƙara da kuɗina na binne kwalbar a ciki. Sai ga wani farin zare yana tasowa kamar majina, ana ɗago shi da tsinke, ihu har mai gadi ya leƙo.

Inda na yi babban kuskure shi ne maganar GMO, wato irin shukar da masana suka canza wa ƙwayar gado. Na ba su labarin waken SAMPEA 20-T da cibiyar binciken noma ta Samaru a jami'ar Ahmadu Bello ta fitar a ƙarshen 2019, an ɗauko ƙwayar gado daga wata bakteriya ta cikin ƙasa an sa masa, tsutsar nan mai huda kwanson wake in ta ci sai ta mutu, feshin da ake yi sau shida zuwa takwas ya dawo biyu. Duk gaskiya ne, amma yadda na faɗe shi kamar ɗan talla a kasuwa. Yarinyar nan dai mai takarda ta ce Malam in kowa ya koma shuka shi, kanannadon da muka sa a kwalba fa? Kuma za a iya ajiye irinsa a sake shukawa ko sai an saya duk shekara? Na yi ɗif. Na zo da amsar tambayar da ba wanda ya yi, ita kuma ta haɗa min darasin farko da na biyu a numfashi ɗaya.

Sai da na koma na yi karatu sannan na dawo musu. Waken ana iya ajiye irinsa, amma masarar TELA da aka amince da ita a 2024 aure ce, wato haɗin iri biyu, irin aure kuwa ko ba GMO ba ƙarfinsa raguwa yake in an maimaita. Waken bai hana sauran ƙwari ba, shi ya sa feshi biyun nan, kuma tsutsa na iya sabawa da shi in ba a kiyaye ba. Akwai hukumar NBMA da aka kafa a 2015 wadda sai da izininta ake fitar da irin waɗannan, akwai kuma mutanen da har yau ba su gamsu ba, har da masu ilimi.

Ana cikin haka wani uba ya zo makaranta ransa a ɓace, wai an ce ina koya wa yara cin abincin da ke hana haihuwa, a WhatsApp ya ji. Da a shekarar farko ne da gardama za mu yi. Na ba shi kujera na ce Baba, ni ban ga wata hujja a kan wannan maganar ba, amma ranar Laraba yara za su yi muhawara a kai, don Allah ka zo ka zauna mana. Ya zo kuwa. Ashe manomin wake ne na gaske, ya ƙwace zaman, ya ba su labarin yadda kansa ke sarawa da idonsa ke yaji duk ranar da ya yi feshi, da kuɗin da magani ke ci. Yaran ɓangaren goyon baya har sun fara murna, sai ya ce shi dai kanannadonsa zai ci gaba da shukawa, don harawar da yake ba shi ita ke riƙe masa tumaki har bazara, a nuna masa sabon iri mai wannan harawar tukuna. Ba wanda ya ci muhawarar, ni ma ban yanke hukunci ba, da zai tafi ya ce a aiko yaro ya karɓi wani tsohon irin dawa da ya gada a sa a kwalba.

Kakar yarinyar nan ta rasu bara, Allah ya ji ƙanta. Takardar tana nan na sa mata leda, muna bin sunayen ɗaya bayan ɗaya muna neman bishiyar da ido, wadda muka gani mu sa mata alama. Taura ce ta gagare mu har yanzu, amma wani yaro ya ce akwai guda ɗaya a cikin tsohuwar maƙabartar ƙauyensu inda ba a sara, na riga na aika a nemo mana izini wajen mai gari, in ya yarda Laraba mai zuwa can za mu.