Yadda na gyara taraktar da ke silalewa bayan an ɗaga ƙafa daga feda

Ƙaramar taraktar da nake noman rani da ita a wajen Bukuru, a gefen wani tsohon kududdufin kuza, ba ta da kulochi. Feda biyu ce a ƙafar dama, ta gaba da ta baya, iya takawarka iya gudunta, in ka ɗaga ƙafa kuma ta tsaya cak. Dalilin da ya sa na saye ta ke nan, ta hannu, 'yar Japan. Kunyoyinmu na kabeji da karas da latas gajeru ne, kullum cikin juyawa ake, kuma duk wanda ya yini yana taka kulochi a irin wannan wuri gwiwarsa za ta ba shi labari da daddare.

A farkon hunturu ta soma wani hali. Sai in ɗaga ƙafa, ita kuwa ta ci gaba da silalewa gaba a hankali, tafiyar da ba ta kai ta mai jan ƙafa ba. Yaran da ke min aiki suka ce ai ba komai, a riƙa taka birki kawai. Ban yarda ba. A gonar nan akwai mata masu tsinkar ganye da 'ya'yansu, akwai yaron da ke shiga tsakanin tarakta da tirela don sa kusar jan kaya, ga kududdufi mai zurfi a ƙarshen kunya. Ƙarfen da ya doshi tan guda, in yana tafiya ba da izinin kowa ba, saurinsa ba shi ne abin dubawa ba.

Makaniken farko da na kira ya saurari ƙararta, ya ce famfon giya ne ya mutu, sai an sauke an buɗe. Ban ga laifinsa sosai ba. Yawancin masu gyaran tarakta a nan sun koyi aiki ne a kan Massey Ferguson da Fiat da Steyr ɗin da aka taɓa haɗawa a Bauchi, duk masu giya da kulochi. Giyar mai, wato irin ta tawa da ke tafiya da ƙarfin mai ba tare da kulochi ba, ba sabuwa ba ce a duniya, tun 1967 kamfanin International Harvester na Amurka ya fito da taraktar noma mai ita, amma a garejinmu har yanzu baƙuwa ce. Na ce masa ya dakata tukuna, domin abin da aka buɗe a kan ƙasa cikin ƙurar hunturu ba ya komawa yadda yake.

Wani dattijo da ya yi shekaru yana gyaran manyan injinan haƙa ne ya warware min yadda abin ke aiki. Ya ce, "Malam, a cikin akwatin nan babu haƙoran da ke canza gudu. Famfo ne da mota ta mai, wato abin da mai ke juyawa shi kuma ya juya taya." Inji yana juya famfo mai fistin da yawa a jere a da'ira, ƙafafun fistin ɗin suna gogar wani faranti. In farantin yana tsaye daidai, fistin ba sa shiga ba sa fita, mai ba ya gudana, taya ba ta motsi. In ya karkata gefe guda, mai ya bi ta hanya ɗaya tarakta ta yi gaba. In ya karkata ɗaya gefen, mai ya juya ta yi baya. Feda ba ta yin komai illa karkata farantin nan ta wani ɗan sandan ƙarfe da ya leƙo daga jikin akwatin.

Na ce, "To Baba, ke nan firi ɗinta ba giya ba ce da ake sawa?"

Ya ce, "Ko kusa. Wuri ne ɗan siriri a tsakiya, kuma abin da ke mayar da farantin wurin yana waje, ƙarƙashin ƙafarka, inda taɓo yake."

Wannan magana ita ce rabin gyaran. Na cire faifan ƙarfen da ake ɗora ƙafa, na ga abin da yake nufi. Akwai sandar da ta taso daga feda zuwa hannun farantin. Akwai wani ƙarfe mai tsaga kamar harafin V, da ɗan boris da ke faɗawa cikin tsagar, da sifirin da ke danna shi ciki. Sai wani ɗan shokazoba da ke hana feda komowa da ƙarfi. Duk lokacin da ka saki feda, sifirin ne ke tura boris ɗin zuwa gindin tsagar, gindin tsagar kuwa shi ne firi. Duka waɗannan jan taɓon damina ya lulluɓe su ya bushe ya zama kamar siminti, da tarkacen ciyawa da igiyar buhu da ta nannaɗe a gindin feda.

Kafin in taɓa sifana na yi gwaji biyu da nake ganin kowa ya kamata ya yi. Na farko, na kai ta fili mai shimfiɗe. Jos gari ne na tudu da gangara, kuma tarakta mai giyar mai tana iya gangarawa a hankali a kan gangara ko da lafiyarta lau, domin mai yana ɗan zurarewa a cikin famfo da motar. Sakin feda ba birki ba ne, birkin ajiya shi ne birki. Tawa dai a shimfiɗaɗɗen wuri ma tafiya take. Na biyu, da ta fara silalewa sai na sa yatsan ƙafa na ɗago fedar gaba sama kaɗan. Nan take ta tsaya. Wannan ya nuna min famfon yana iya samun firi, fedar ce ba ta komawa gida. Na kuma duba ɗan hannun nan da ke riƙe gudu a doguwar tafiya, don in bai saki gaba ɗaya ba shi ma yakan kawo haka. Yana sake.

Sai wanki. Na kashe inji, na zare makulli, na sa waigi a taya, na bi ko'ina da burushin waya da kananzir. Na kwance sandar feda daga hannun farantin don in ji kowanne shi kaɗai. Fedar ta yi tauri a hannuna, bushin ɗinta ya bushe, bakin giris ɗin ya toshe har sai da na canza shi kafin giris ya shiga. Boris ɗin kuma ya ci tsatsa ya daina juyawa, gefe guda ya goge ya yi lebur, don haka maimakon ya mirgina zuwa gindin tsaga sai ya maƙale a hanya. Na cire shi na tafi da shi kasuwar kayan gyara ta Dilimi a Jos, aka karanta lambar da ke jikinsa aka ba ni sabo mai rufi a gefe biyu. Kuɗinsa bai kai na buhun kabeji ɗaya a kasuwar Farin Gada ba. Sifirin bai karye ba, bai saki ba, na bar shi. Na kuma ɗaure kusar da ke riƙe hannun farantin a kan sandansa, domin in tana wasa, duk saitin da za ka yi banza ne.

Na san masu fara juya kusar saiti tun kafin su wanke. Ba na goyon bayan haka ko kaɗan. In ka yi saiti a kan datti, ranar da dattin ya faɗi saitin ya tashi, tarakta ta koma yin baya maimakon gaba.

Bayan na mayar da komai silalewar ta ragu ƙwarai, amma da ɗan saura, sai na zo ga saitin. Nan ne wurin haɗari, don ana yinsa ne inji na aiki. Da farko na yi ɗan aiki da ita har mai ya yi ɗumi, saboda da sanyin safiyar Jos a Disamba man yakan yi kauri, saitin da aka yi a kansa ba ya zama da rana. Na ɗaga tayoyin baya biyu na ɗora gatarin a kan ƙafafun ƙarfe, ban bar ta a kan jak ba, ban kuma yarda da bulo ba. Na sa waigi a tayoyin gaba. Abu mafi muhimmanci, na cire giyar da ke ba tayoyin gaba ƙarfi. Wanda ya manta wannan, da zarar farantin ya karkata tayoyin gaba za su fizgo taraktar daga kan abin da aka ɗora ta, shi kuwa yana kwance a gefe. Ƙanina ya zauna a kujera, ƙafarsa kusa da birki, hannunsa a kan makulli, domin akwai makunnin da ke kashe inji in ba kowa a kujera, kuma ban yarda a haɗe wayarsa don sauƙin aiki ba. Na naɗe hannun riga, na cire hula.

Kusar saitin tana da karkataccen ciki, in ka juya ta sai ta matsar da mazaunin boris ɗin gaba ko baya kaɗan. Hannun zaɓen babban gudu ko ƙarami na kan ƙaramin gudu, totur a tsakiya, birki a sake. Na sassauta notin da ke ɗaure ta, na juya a hankali har taya ta fara juyawa gaba, na yi alama da alli. Na komo da ita har taya ta fara yin baya, na yi wata alamar. Tazarar da ke tsakanin alamun biyu ba ta kai faɗin farce ba. Na tsayar da ita a tsakiya, na riƙe da sifana ɗaya na ɗaure notin da wata, saboda in ba ka riƙe ba ɗaurin kansa yana jan ta. Ƙanina ya taka gaba ya saki, ya taka baya ya saki, aka ƙara totur aka maimaita. Tayoyin biyu suka riƙa tsayawa kowane karo.

Da a ce na kwance sandar feda, na juya kusar nan ko'ina ban sami wurin da taya ke tsayawa ba, ko tana rasa ƙarfi in ta yi zafi, ko tana kuka mai tsini, ko na ga garin ƙarfe a filta, to lallai maganar makaniken farko za ta iya zama gaskiya, kuma aikin ya fi ƙarfin gona. Tunda ina ƙarƙashinta na canza filtar giya na duba mai. Man nan shi ne na ɗaga garma, shi ne na famfon tafiya, don haka bai kamata a zuba masa man giya mai lamba 90 ko baƙin man inji ba, sai man tarakta irin wanda littafinta ya ambata.

Ɗan shokazoban ya yi laushi, yana barin feda ta komo da ɗan fizga, na ba da sautu a kawo min daga Legas. Giris a gindin feda kuwa na mayar da shi duk awa 50 na aiki kamar yadda littafin ya ce, kuma na nuna wa yaron da ke wanke ta inda faifan ƙafa ke buɗewa don ya riƙa kaiwa can ciki da burushi.