Neman digiri na biyu da matsakaicin sakamako

Da maki 2.9 cikin 5 na kammala digirin injiniyan lantarki, kuma na daɗe ina jin nauyin faɗin hakan. Shekara uku na yi ina haɗa sola a rijiyoyin burtsatse tsakanin Bauchi da Dass kafin na samu ƙarfin halin neman digiri na biyu a Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa. Wasiƙar shaida ce ta fi damuna, domin ban zaci wani malami zai tuna da ni ba. Wanda ya duba aikina na ajin ƙarshe kuwa yana ganina ya ce, "Malam, zauna," ya yi ta tambayata yadda zafin Afrilu ke cinye batura, sannan ya ɗauki biro. Yanzu amsa nake jira, ina roƙon addu'arku.