Raba karatun tuƙin jirgin sama tsakanin ƙasashe biyu: inda awanni ke salwanta

A Katsina da Daura an fara samun gidajen da ke raba wa ɗansu karatun tuƙin jirgi kashi biyu don rage tsada. Yaro ya samu lasisin farko, PPL, a kwalejin koyon tuƙin jirgin sama ta NCAT da ke Zariya, sannan ya wuce Afirka ta Kudu ko Amurka ya tara awannin tuƙi ya yi lasisin kasuwanci, CPL. Hanyar tana ɓullewa, amma sai an san jirgin wace ƙasa zai tuƙa tun kafin a biya ko sisi. Yarjejeniyar Chicago ta 1944 ta ɗora wa ƙasar da ta yi wa jirgi rajista alhakin ba matuƙinsa lasisi ko amincewa da na waje. Jirgi mai lambar 5N na Najeriya ne, don haka NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, ita ce mai yanke hukunci, duk abin da makarantar waje ta rubuta a tallarta.

Gwajin lafiya aji na ɗaya, wanda ake nema don CPL, shi ne farko. Matsalar bambance launi ko ta zuciya gara a gano ta kafin a sayar da gona.

Shawarar da ta fi kowace muhimmanci ita ce kada a tashi a tsakiyar mataki. Lasisin da ya fito, kowace ƙasa tana iya tantance shi. Rabin kwas kuwa ba mai tabbacin karɓarsa. Ƙa'idar ICAO, hukumar sufurin jiragen sama ta duniya, ta nemi awa 200 na tuƙi don CPL, ko 150 ga wanda ya kammala haɗaɗɗen kwas da hukuma ta amince da shi. Wanda ya bar irin wannan kwas a hanya ya rasa rangwamen, ya koma kan 200. Amurka ma nata daban ne: awa 250 a tsarin horo na gama-gari (Part 61), 190 a makarantar da hukuma ta amince da tsarin karatunta (Part 141). Jarrabawar takarda ba ta bin mutum zuwa wata hukuma, kuma tana da wa'adi. Ta FAA, hukumar jiragen sama ta Amurka, wata 24 take yi. Ta Turai darussa 13 ne, a gama su cikin wata 18.

Inda aka fi yin asara shi ne littafin awanni. ICAO na son awa 100 a matsayin matuƙi mai iko da jirgi (70 ga wanda ya kammala haɗaɗɗen kwas), 20 daga ciki na tafiya tsakanin garuruwa, har da tafiya ɗaya ta kilomita 540 da cikakkiyar sauka a filaye biyu daban. To amma a Amurka doka ta bar mai lasisi ya rubuta awa a matsayin mai iko muddin shi kaɗai ke riƙe da sitiyari, ko da malami na zaune kusa da shi. Haka kuma ɗalibai biyu kan haɗa kuɗin hayar jirgi, ɗaya ya sa abin rufe ido yana bin na'urori, ɗayan yana duba masa waje, kowa ya rubuta awar. Halal ne a can, amma hukumomi da dama suna zaftare irin waɗannan awanni, sai mutum ya dawo da 100 a takarda a ƙirga masa ƙasa da haka. Maganinsa a ware kowane iri a layinsa: lambar jirgi, filin tashi da na sauka, na dare, na na'ura, sa hannun malami da lambar lasisinsa, da hatimin makaranta kafin a baro ƙasar. Neman sa hannu daga Katsina bayan malamin ya canja aiki wahala ce babba.

Idan an dawo, hanya biyu ce. Amincewa ta wucin gadi tana rataye da lasisin waje, ya mutu ta mutu. Sauyawa zuwa lasisin Najeriya ita ce mai ɗorewa: NCAA za ta nemi tabbaci kai tsaye daga hukumar da ta ba da na asali, sannan yawanci akwai jarrabawar dokokin jiragen sama, gwajin lafiya wurin likitan da ta amince da shi, shaidar iya Turanci mataki na 4 a ma'aunin ICAO, da gwajin tuƙi. Tabbacin nan yakan ɗauki lokaci, kuma izinin tashi da na'urori yana iya ƙarewa ana cikin jira, a sake biyan kuɗin sabunta shi.

Mai nufin Amurka ya sa bizar ɗalibai ta M-1 da izinin TSA, hukumar tsaron sufuri ta Amurka, a lissafi. Kuma tun kafin tafiya a rubuta wa sashen lasisi na NCAA, a ambaci sunan makarantar da tsarin kwas ɗin, a karɓi amsa a rubuce a ajiye a fayil ɗin yaro.