Kawu da ƙasusuwan Annabi Ezekiyel

Wata 7 ke nan da Kawu ya zo ya zauna da mu a nan Sakkwato, bayan 'yan bindiga sun tashi ƙauyensu. Shanunsa 4 sun tafi, rumbunsa ya ƙone. Abin da ya fito da shi riga ce ta jikinsa da ƙullin irin gero a bakin zanen matarsa. Mun ba shi ɗaki, yana ci yana sha, har ya ɗan murmure. Amma mutumin da a da muryarsa ke cika gona, yanzu sai ya wuni a zaure bisa tabarma, idonsa a ƙofa.

A cikin zafin nan na Afrilu, da dare ba wuta, muka fito tsakar gida, na haska fitilar waya ina karanta masa sura 37 ta littafin Ezekiyel. Ezekiyel firist ne, ɗan Buzi. A shekara ta 597 kafin haihuwar Almasihu Nebukadnezzar sarkin Babila ya kwashe shi tare da Sarki Yehoyakin na Yahuza zuwa Babila, ya zauna a bakin Kogin Kebar cikin 'yan zaman talala. Yana can matarsa ta rasu, yana can labari ya iso cewa Urushalima ta faɗi, an ƙone Haikalin da aka haife shi don ya yi wa hidima. Wannan ne mutumin da Allah ya ajiye a kwari cike da ƙasusuwa busassu ƙayau, ya tambaye shi ko za su rayu.

Na san irin ƙashin nan. Da rani a hanyar Wurno na taɓa ganin na saniya a gefen titi, fari fat, haƙarƙari a tsaye, ko ungulu ta daina leƙa shi.

Amsar annabin ce ke taɓa ni kullum. Ya ce wa Ubangiji shi ne ya sani. Ina girmama wannan amsa fiye da yawancin ta'aziyyar da ake yi wa Kawu, ta masu cewa gobe-gobe komai zai dawo, alhali ba su san ko hanyar ƙauyen ba.

Da na kai inda ƙashi ya haɗu da ƙashi, jijiyoyi da nama da fata suka rufe su, amma babu numfashi a cikinsu, sai Kawu ya ɗaga hannu. "Tsaya nan, ɗiyata. Wanga ni ne."

Na kasa magana. Can na ci gaba: aka umarci annabin ya sake yin annabci, ya kira numfashi daga kusurwa 4, suka miƙe tsaye, babbar runduna. A Ibrananci kalma ɗaya ce ke nufin iska da numfashi da ruhu. Na kuma gaya masa gaskiya cewa abin ya ɗauki lokaci: sai a 538 kafin haihuwar Almasihu Sarki Sairus na Farisa ya ba 'yan zaman talalan, waɗanda ƙasusuwan ke misaltawa, izinin komawa ƙasarsu, kusan shekara 60 bayan an kwashe su.

Bai ce komai ba daren nan. Shekaranjiya da hadari ya fara haɗowa daga gabas, na same shi a bayan katanga yana tona ƙasa da ɗan yatsa, ƙullin geron a cinyarsa. Ya tambaye ni ko maigidana zai aro masa fartanya.