Abin da injin da ƙanƙara ta fasa ya koya mini

A watan Mayu, bayan ƙanƙara ta saki tafkunan jihar Minnesota ta Amurka, abu na farko da ake yi wa jirgin jan masu zamiya shi ne a haɗa masa tiyo, a tada inji ya yi minti goma a silo, sannan a kashe a zaro sandar awon mai. In ta fito da mai garau yadda aka zuba shi, an tsira. In ta fito da abu fari-fari kamar kunun gyaɗa, to bulok, wato gangar jikin inji, ya tsage ta ciki tun cikin hunturu, ruwa ya haɗu da mai. Wani lokaci tsagar ta waje ce, za ka ga ruwa yana tsiyaya a gefen inji ƙarƙashin manifol (bututun da ke tara hayaƙin inji), wani siririn layi na tsatsa kamar an ja shi da biro. Na bar wannan aiki bana, kuma ina rubuta wannan ne domin wanda zai ɗauki sifana a bayana, don kada a sa shi ya yi abin da aka sa ni, a kuma ɗora masa laifin da aka ɗora mini.

A wannan jihar aka haifi wasan zamiya a kan ruwa, a tafkin Pepin, inda Ralph Samuelson ya fara hawa kan ruwa da alluna biyu a 1922. Amma lokacin wasan gajere ne, daga Mayu zuwa Satumba. Sauran watannin jirgi yana ajiye cikin sanyin da a daren Janairu yakan kai digiri 25 ko 30 ƙasa da sifiri. Injin waɗannan jirage ba shi da lagireto, ruwan tafki yake zuƙa ya sanyaya kansa ya fitar ta salansa. Duk ruwan da ya kwana a cikinsa zai daskare, ruwa kuwa in ya daskare yana kumbura da kusan kashi 9 cikin 100. Ƙarfen zubi ba ya miƙewa, fashewa yake yi.

Hanyar da ta jawo fashewar injin da aka ɗora mini laifinsa ita ce hanyar bokiti. A cika bokiti da galan biyar, wajen lita 19, na ruwan hana daskarewa mai launin hoda, a sa tiyon zuƙo ruwa a ciki, a tada inji, a jira har launin ya fito ta salansa, a kashe, a ce an gama. Minti goma jirgi ɗaya. Shugaban wurin aiki da yake so a rufe jirage da yawa don hunturu cikin kwana biyu ba abin da yake ƙauna kamar wannan hanya, kuma namu ya hana a kwance matoshin zubar da ruwan inji ko ɗaya, wai ɓata lokaci ne.

Ga inda matsalar take. Ruwan da famfo ya zuƙo yana fara isa gidan tamostat, abin da ke buɗe wa ruwan bulok hanyar fita in inji ya yi zafi. Muddin tamostat yana rufe, kusan duk ruwan yana wucewa kai tsaye zuwa manifol ya fita, bulok kuwa yana ta juya tsohon ruwan da ke cikinsa. Tamostat na yawancin waɗannan injuna yana buɗewa a digiri 71, wato 160 a ma'aunin Amurka. Ko da ka ɗumama injin tukuna, da zarar ruwan bokiti mai sanyi ya taɓa tamostat sai ya sake rufewa, kuma famfo yana shanye bokitin nan kafin ya sake buɗewa. Sai ka ga launin hoda yana fita ta baya, ranka ya yi fari, alhali abin da ke cikin bulok ruwan tafki ne da ɗan ɗigon launi. Lambar da ke jikin galan ma tana yaudara. Wanda aka rubuta wa 50 ƙasa da sifiri a ma'aunin Amurka, ana nufin sanyin da zai fasa bututu in ba a sirka shi ba. Yana fara kauri tun wajen digiri 10 ƙasa da sifiri a ma'auninmu, kuma in ya haɗu da ruwa rabi da rabi ƙarfinsa ya tafi.

Wasu kan dogara da faifan ƙarfen nan zagayayyu da ke gefen bulok, su ce ai su ne za su fara fita in ruwa ya daskare. An yi ramukan nan ne domin zazzage yashin zubi a masana'anta. Wani lokaci faifan yakan fita, bulok kuma ya tsage duk da haka.

Abin da ya dace yana cin kusan awa ɗaya. A zuba maganin ajiyar fetur a tanki, a ɗumama inji a kan tiyo domin maganin ya zagaya, a yi juyen mai da matacinsa tun yana da zafi, don tsohon mai yana ɗauke da danshi da tsami da ke cin ƙarfe a zaune. Sannan a kwance matoshi biyu na gefen bulok, hagu da dama. A injin kamfanin General Motors (GM) mai lita 5.7 sau da yawa na gefe ɗaya shi ne na'urar jin ƙwanƙwasar inji, mai waya a jiki, shi ya sa baƙon hannu yake tsallake shi yana zaton kayan lantarki ne kawai. A kwance na bayan manifol biyu. A cire babban tiyon da ke ƙasan famfon juya ruwa, akwai ruwa mai yawa kwance a gwiwarsa. A cire tiyon na'urar sanyaya man giya, a zubar da kofin tace ciyawa. In jirgin yana da hita ko shawa, a cire tiyoyinsu a hura iska ta gefe ɗaya har ruwa ya daina fita ta ɗayan, da iska mai sauƙi don kada cikin hita ya fashe.

Matakin da aka fi mantawa shi ne tsokana. Bayan ka kwance matoshi, in ruwa ya ɗiga kaɗan ya tsaya, kada ka yarda. Tsatsa da yashi suna taruwa a bakin ramin su toshe shi. Ka sa guntun waya ko ƙusa ka tsokana, za ka ga ruwa ya ɓalle kamar an buɗe famfo. Kowane gefe ya kamata ya ba da ruwa mai yawa; in ɗaya ya ba da kofi ɗaya kawai, ba ka gama ba. Sai bayan wannan, in ana so, a mayar da matosai a zuba ruwan hana daskarewa da mazurari ta babban tiyon gidan tamostat, ya shiga bulok da babu komai a ciki. Wanda ya zaɓi barin inji a bushe, ya tara matosan a leda ɗaya ya ɗaure a sitiyari, inda ba wanda zai murɗa makulli bai gan su ba.

Kuma ka rubuta. Kowane jirgi da takardarsa, kowane matoshi da layinsa, da kwanan wata, da sunan wanda ya ba da umarnin hanyar da aka bi. Lokacin da mai jirgi ya zo yana tambayar wa zai biya dubban dalolin sabon inji, wanda ya ce a yi da bokiti bai tuna ya faɗa ba, kuma babu takardar da za ta tuna masa. Hannun da ya riƙe tiyo shi aka nuna. Daga waccan shekara ban sake rufe jirgi ba tare da na kwance matosansa ba, ko da an ce ina jan aiki, kuma ba a sake samun bulok da ya tsage a hannuna ba.

Wannan darasi ya canza yadda nake duba tsohon jirgi in wani ya zo neman shawarar saye. Mutane suna kallon kujeru da ƙyallin fenti. Ka ɗauki tocila ka leƙa gefen bulok ƙarƙashin manifol, ka nemi walda ko gam ko sabon fenti a wuri ɗaya. Ka tada inji ya yi zafi sosai kafin ka duba mai. Ka auna matsin kowace silinda, kada bambancinsu ya wuce kashi 10 cikin 100. Awa 1,000 a injin da ake yi wa juye duk awa 50 ba abin tsoro ba ne. Awa 300 a jirgin da ya shekara biyar a ajiye ba takarda ya fi ba ni tsoro. A jiragen da suka tsufa sosai, dogayen haƙarƙarin da inji ke zaune a kai katako ne da aka lulluɓe da faiba. Correct Craft, masu ƙera jiragen Nautique, ba su daina sa katako ba sai 1993. Ka sa sifana a notin da ya riƙe inji, in yana juyawa ba ya kamawa, katakon ya ruɓe, kuma gyaransa sai an cire inji da daɓen jirgin duka.

Sai tambayar wane irin jirgi. Mai son zamiya da allo ɗaya tsakanin ƙwallayen alama yana bukatar jirgi mai inji a tsakiya, shaf ya miƙe kai tsaye zuwa farfela, irin su Ski Nautique da MasterCraft ProStar da Malibu Response. Nauyi a tsakiya yana sa kunyar ruwan da jirgi ke bari a baya ta kwanta, mai zamiya ya ratsa ta da gudu ba ta jefa shi sama ba. Jirgi mai inji a baya yana da fili da wurin zama, amma an gina shi ne domin ya tada kunya babba ga masu tsalle da faffaɗan allo. Kuskuren da na fi gani shi ne magidanci ya sayi na biyun don iyali su sake, sannan ya yi ta mamakin gwiwoyinsa suna ciwo duk lokacin da ya ratsa bayan jirgi. Ba jirgin da ke yin duka biyun da kyau, a zaɓi abin da za a fi yi.

Farfelar robar da ke cikin famfon zuƙo ruwa a canza ta kowace shekara. Ruwa ne man shafawarta, in ta juya a bushe na rabin minti ta ƙone. Idan ka ciro ta ka ga fiffike ya ɓace, ka nemo guntun, yawanci yana maƙale a bakin na'urar sanyaya man giya, kuma in ka bar shi sabuwar farfela ba za ta hana inji zafi ba.

Dokar Minnesota ta ce a cire matoshin gindin jirgi kafin a ja shi a titi, domin kada a kwashi ƙananan halittun ruwa masu ɓarna daga wani tafki zuwa wani. Ma'anarsa duk lokacin da ka iso bakin ruwa matoshin yana waje, sai ka tuna ka mayar da shi. Ka ɗaure shi da makullin jirgi.

Game da igiya, cikakkiyarta mita 23 ce, ƙafa 75, amma a filin gasa ana farawa daga mita 18.25, a rage zuwa 16, 14.25, 13, 12, 11.25. Ƙwallayen shida suna mita 11.5 daga layin jirgi, don haka daga 11.25 igiyar ba ta ma kai ƙwallon ba, tsawon jikin mutum ne ke cikewa. Gudun ƙarshe kilomita 58 a awa ga maza, 55 ga mata. Ina kawo waɗannan lambobi ne saboda sabon shiga yana jin su ya ce a ja shi haka. Babba a kan alluna biyu kilomita 30 zuwa 35 ya ishe shi, yaro ƙasa da haka sosai, mai allo ɗaya da ke koyo wajen 45 zuwa 48. A hankali allo yana nitsewa, don haka mai koyo ya ɗauki mai faɗi, ya ƙara tsawo kaɗan a kan abin da jadawalin nauyi ya ba shi. Allon gasa siriri mai tsada yana hana mutum tashi daga ruwa, ya sha ruwa sau biyar ya ce wasan ba nasa ba ne. Igiyar faffaɗan allo ba ta miƙewa ko kaɗan, wanda ya yi zamiya da ita kafaɗunsa da gwiwar hannunsa za su gaya masa. Takalmin allo ya kama ƙafa amma ya sake ta in an faɗi; wanda aka ɗaure tamau shi ke karya idon sawu. Siririyar rigar da 'yan gasa ke sawa ba ta cikin rigunan ceto da hukumar tsaron gaɓar ruwan Amurka ta amince da su, kada a sa wa yaro ko mai koyo.

Hannu ko kai kada ya shiga cikin kusurwar mariƙin igiya, ko a wasa.

A kunna fankar fitar da tururin fetur minti huɗu kafin a murɗa makulli.

Direba ya janye sakin igiya a silo har ta miƙe, ya jira mai zamiya ya yi magana, sannan ya ba da totur a jere ba fizga ba. In mutum ya faɗi, a sauke totur, a juya a silo, a zo masa ta gefen direba domin kada ya ɓace wa ido. Juyawa da gudu yana aika taguwa cikin fili duka, ya ɓata wa kowa ruwa na minti da yawa. Inji a kashe yake kafin kowa ya kusanci dakalin baya, firi bai isa ba, farfela tana ƙarƙashin wurin kuma hayaƙin salansa mai kisa a nan yake taruwa.

Takardun jiragen bana suna cikin jan fayil a kan teburin garejin. Biyu daga cikinsu masu hita ne, na hura su na rubuta, amma a sake duba tiyoyinsu a watan Mayu kafin a haɗa ruwa, na bar su a cire.