Godiya ga waɗanda suka tsaya mana a kan autarmu

Assalamu alaikum 'yan uwa da abokan arziki. Alhamdulillahi, jiya aka sallame mu daga asibiti, auta ta dawo gida, har tana shan kunu da hannunta.

Ga waɗanda labarin bai iske ba: daren Talata bayan Isha'i, yarinyar nan mai shekara 2 ta haɗiye ƙaramin batir ɗin nan mai kama da maɓallin riga, daga wata fitilar wasa da yayanta ya fasa. Babu wanda ya gani. Sai dai yawu yana ta zuba, ta ƙi tuwo, ta ƙi ruwa. Hajiya kakarta har ta ɗauko manja za a ɗura mata ta yi amai.

Godiyata ta farko ga maƙwabciyarmu nas. Ita ce ta lura da fitilar babu batir, ta riƙe hannun Hajiya: "Hajiya, don Allah kada a sa ta amai, asibiti za mu yanzu." Ta ba yarinyar zuma ƙaramin cokali 2, ta ce a maimaita duk minti 10 a hanya, amma ban da jaririn da bai kai shekara ba. Maigidanta kuwa, da jallabiya da silifas ya tuƙa mu daga Unguwar Rogo zuwa asibitin koyarwa na Lamingo cikin sanyin nan na Jos.

Likitan da ke aikin dare, Allah ya saka masa. Ya nuna mini hoton ƙirjin: zobe cikin zobe. Ya ce tsabar kuɗi ba ta fitowa haka, batir ne maƙale a hanyar abinci, kuma da yawu ya jiƙa shi yana iya cinye naman wurin cikin awa 2. Ni da nake cewa a jira ya fita a kashi, kunya ta kama ni. Kafin asuba an sa ta barci, an zura bututu mai kyamara ta baki, an zaro shi baƙi ƙirin. Ya ɗan ƙone wurin, shi ya sa muka kwana 5.

Jama'ar masallacinmu da suka yi ta addu'a, matan unguwa da suka riƙe sauran yaran, na gode ƙwarai. Waɗanda suka kira ban ɗauka ba, a yafe mini. Abinci mai ruwa-ruwa take ci tukuna, kuma za mu koma a duba ko wurin ƙunar bai tsuke ba. Ku ci gaba da saka ta a addu'a.