Godiya bayan aikin zuciyar Baba

Salamu alaikum 'yan uwa na Makka da Jidda. Alhamdulillahi an sallamo Baba, yana gida Shara Mansur, aiki yayi kyau. Waɗanda suka bada jini, da masu haɗa riyal a guruf, da matan unguwa da suka dinga aiko kunu mustashfa, wato asibiti, wlh bamu da bakin godiya, Allah ya biya ku da gidan Aljanna.

Amma akwai bawan Allah ɗaya da nake roƙo ku saka a addu'a, mai kula da injin zuciya da huhu, shi ba'a ganinsa, likita kowa ya sani. Da aka tsayar da zuciyar Baba jininsa duka ta injin nan yake bi ya ɗauko oksijin ya dawo jiki, irin injin da Dokta John Gibbon ya fara cin nasara dashi a Amurka tun 1953. To likita ya zaunar damu yace abin tsoron yana can cikin ƙananan hanyoyin jini waɗanda suka fi silin gashi siranta, su ke shayar da ƙoda da ƙwaƙwalwa, injin kuma miƙe yake tura jini babu bugun nan na zuciya, ga ruwan da ake cika bututu dashi yana tsinka jini, ga sanyaya jiki da akeyi, sai awo ya nuna komai lafiya alhali can ciki jini bai isa ba. Baba kuwa ga suga, ƙodar dama lallaɓata ake.

Mutumin nan ne ya zauna yana auna jinin akai akai, ya rage ruwan injin, yana lura da maganin hefarin da ake sawa kar jini ya daskare, da matatar dake tare kumfar iska, da abinda aka manna ma Baba a goshi mai nuna oksijin ɗin ƙwaƙwalwa. Mu abinda muka gani da ido a ɗakin inaya, wato ɗakin kulawa ta musamman, jakar fitsari ce a gefen gado, nas na ɗagawa duk awa tana rubutawa, da tace yana zuba yadda ake so ƙoda ta tsira Hajiya sai hawaye. Da aka cire masa bututun numfashi ya gane kowa, har ya tambayi ko anyi magariba. Allah ya jiƙan magabatanka malam, ya tsare maka zuri'a.

Masu zuwa dubiya dan Allah bayan la'asar, mai mura ya dakata tukun, kuma kar a ja hannunsa wajen gaisawa, ƙashin ƙirjin sai yayi sati 6 zuwa 8 kafin ya haɗe.